Harafi a Matsayin Lamba: Tarihin Hisabin Abajada a Ƙasar Hausa da Barno

1.0 Gabatarwa

A tsangayun Katuzu da Gashuwa da Nguru, kamar sauran makarantun allo na tsohuwar daular Barno, almajiri yakan fara sanin harafi da sunansa da siffarsa. Sai ya yi nisa a karatu yake gane cewa kowane harafi yana ɗauke da lamba. Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan ilimi, ta kuma nuna hatsarin da ke tattare da rashin sanin tsarinsa ga mai nazarin rubutun ajami.

2.0 Asalin Jerin Abajada

Jerin abajada, hawaza, huɗɗiya, kalamana ya girmi jerin alif, ba, ta, sa. Tsohon jeri ne na harsunan Samiyawa, shi ya sa ya yi daidai da na Ibrananci: alef, bet, gimel, dalet. Haruffan Ibrananci 22 ne, na ƙarshensu, taw, yana da ƙimar 400. Malaman Kabbala na Yahudawa sun gina tawili a kan wannan lissafi, wanda suke kira gematriya. Littafin Sefer Yetzira ya kasa haruffan gida uku: uwaye 3, masu furuci biyu 7, da saura 12. Larabci ya ƙara haruffa 6 a kan 22 ɗin, lissafi ya kai 1000.

3.0 Ilimin Haruffa a Ƙasar Hausa

A duniyar Musulmi, littafin Shamsul Ma'arif da ake jingina wa Ahmad al-Buni shi ne ya fi shahara a wannan fanni. Ƙasar Hausa kuwa ta ba da nata gwani, wato Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, wanda ya wallafa Bahjatul Afaƙ a kan haruffa da hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Mafi sauƙin hatimi shi ne mai gida tara, wanda kowane layinsa ke ba da 15. Kusurwoyinsa huɗu suna ɗauke da 2, 4, 6, 8, wato ba, dal, wau, ha, inda aka samo sunan "buduhu" da ake gani a layu.

4.0 Hisabi Biyu

Abin lura shi ne hisabin ba ɗaya ba ne. A tsarin Gabas, sin 60 ce, shin 300, gain 1000. A tsarin Magrib, wanda malamanmu suka gada tare da ruwayar Warshu da salon rubutunsu, sin 300 ce, shin 1000, gain 900. Saboda haka Bisimilla, wadda take 786 a lissafin Gabas, takan zama 1026 a na Magrib. Sunan Allah kuwa 66 ne a duka biyun, domin haruffansa ba sa cikin waɗanda aka saɓa a kansu.

Wannan bambanci ya shafi tarihi kai tsaye. Marubuta waƙoƙin ƙarni na 19 sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da jimillar haruffanta ke nuna shekarar da aka yi ta. A ɗauki 1218, shekarar hijirar Shehu Usmanu daga Ɗagel zuwa Gudu, wadda ta yi daidai da 1804. Za a iya rubuta ta da shin, ra, ya, ha: 1000, 200, 10, 8. Wanda ya lissafa da tsarin Gabas zai sami 518, ya yi kuskuren shekara 700 cif.

5.0 Kammalawa

Littattafan ɗab'i na Masar da suka cika kasuwanninmu da tsarin Gabas suke tafiya, alhali tsofaffin takardun hannu na bisa na Magrib. Don haka wajibi ne duk mai juya waƙar ajami zuwa boko ya bayyana hisabin da ya bi wajen warware ramzi, ya kuma nemi alarammomin tsangaya da har yanzu suka riƙe tsohon jerin da ka.