Wa Zai Ɗaure Keken? Keken Guragu na Jos da Tsarin Cikin Mota Mai Tuƙa Kanta

Tsakure

Maƙalar ta ƙalubalanci masu cewa da zarar an cire direba daga mota, masu buƙata ta musamman sun huta. Keken guragu na Jos ne ma'auninta.

Bitar ayyukan da suka gabata

Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce fili. Motar kamfanin Zoox mai tuƙa kanta ba ta da sitiyari, kujerunta na fuskantar juna, don haka a ganinsu gurbin direba ya koma na fasinja. Sai dai a kamfanin Waymo, da ke jigilar jama'a ba direba a birnin Phoenix tun 2020, idan mai keken guragu ya nemi mota, wadda ke da direba ake turo masa. Ma'aikatar Sufurin Amurka ta buɗe gasa kan wannan matsala a 2020, Jami'ar Purdue ta lashe ta a 2022. Duk da haka keken da ake zana wa gurbi mai ƙafa huɗu ne, faɗinsa kusan santimita 70, tsawonsa kusan 120.

Hanyar bincike

An kwatanta wannan ma'auni da keken da ake hawa a Jos, an kuma lura da yadda ake lodin fasinja a Terminus da Farin Gada.

Sakamako

Keken da cibiyar Beautiful Gate ke ƙerawa a Jos domin waɗanda shan-inna ta nakasa ƙafa uku gare shi, da hannu ake juya fedarsa, ba ya naɗewa, kuma ya fi wancan tsawo. Ko ya shiga mota, juya shi a ciki aiki ne, maɗaurai huɗun da ake kafe keke da su kuwa sai wani ya durƙusa ya ɗaura.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne mai keken ba a kansa yake zama a cikin mota ba. Sauka yake yi, ya dafa ƙasan motar da tafin hannu, ya ja jiki zuwa kujera, kwandasta ko direba ya ɗaga keken ya ɗaure da igiya. Ashe tsayin kujera daga ƙasa, da mariƙin bakin ƙofa, da shimfiɗar da ba ta riƙe taɓon damina, su suka fi faɗin fili amfani a gare shi. Ɗaga keken kuwa har yanzu hannun mutum ke yi, kuma wannan mutumin ake shirin cirewa. Dokar Najeriya ta hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018 ta wajabta wa masu sufuri sauƙaƙa shiga mota, amma na'ura ba ta jin “don Allah kama mini”.

Iyakokin bincike

Gaskiya ne babu mota mai tuƙa kanta a titunan Jos, kuma binciken bai taɓo makafi da kurame ba. Ma'aunin keken ma yakan bambanta daga maƙeri zuwa maƙeri, wanda hakan ƙara wa mai zane wahala yake yi.