Kangayen Cikin Birni: Wa Zai Tashe Su?

Yau cikin ganuwa za mu shiga, kuma da gidan kakana zan fara.

Gidan yana wani lungu kusa da Dala. Ginin ƙasa ne, tubali da azara, zaure biyu kafin ka isa tsakar gida. Sanda kakana ke raye, duk shekara kafin damina sai an kira magina sun yi yaɓe, an gyara indararo. Da ya rasu aka lissafa magada, mutum goma sha ɗaya. Wannan yana Legas, wancan ya yi gini a Hotoro, waccan tana aure a Zariya. Kowa na da kaso, amma ba wanda zai zuba kuɗinsa a bangon da ba nasa shi kaɗai ba. Damina huɗu, soron ya rufta. Yanzu bola ake zubawa, da dare kuma 'yan shaye-shaye ne masu gidan.

Na kawo wannan ne don ku ga yadda ake samun kango a wajenmu. A Amurka, da rikicin bashin gidaje ya ɓarke a 2008, bankuna ne suka ƙwace gidaje, unguwanni suka zama kufai, har gwamnatin tarayya ta ware kusan dala biliyan 4 don a saya a gyara. Can mai gidan sananne ne, banki. Mu kuwa ba banki ne ya kore mu ba. Gado ne da ba a raba ba, ga yawancin gidajen ba su da takardar mallaka ta gwamnati, sai shaidar mai unguwa da maƙwabta.

To ina kuɗin hukuma yake zuwa? In ka bi tarihi, ganuwa da ƙofa yake bi. Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwar a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, ya gina fada, ya kafa Kasuwar Kurmi. Gidan talaka kuwa tun can shi da kududdufin unguwarsu ne: ya haƙo ƙasa, ya gina abinsa. Har zamaninmu bai canja ba. An mai da Gidan Makama gidan tarihi. A 2007 an sa ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shiga kundin UNESCO. A 2010 an rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina ta. Madalla, amma ƙofa ba wanda yake kwana a cikinta.

Da gwamnati ta tashi yin gidaje da gaske, waje ta fita. A zangon Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, aka gina rukunin Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo. Gidaje masu kyau, wallahi. Sai dai da yawansu sun shekara da shekaru ba kowa a ciki, har a 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ba masu su wa'adi: ko su shiga, ko a karɓe. Kun ga, sabon kango a bayan gari, tsoho a cikin birni.

Ba wai ba a taɓa yi a wani wuri ba. A birnin Fas na Maroko, tun 1989 aka kafa hukuma ta musamman, ADER-Fès, wadda cikin aikinta har da tallafa wa mazauna tsohon gari su gyara gidajen da ke shirin ruftawa. Ni a ganina ko kwatankwacin haka za a yi a Kano, ba da siminti za a fara ba. Da alƙali da mai unguwa za a fara, a zaunar da magada, a raba ko ɗaya ya sayi kason sauran, a ba da takarda, sannan tallafi ya biyo.

Mu dai a gidanmu an yi zama uku, ba a daidaita ba. Biyu cikin magadan sun rasu, 'ya'yansu sun shigo lissafi. Yanzu mu ashirin da uku ne.