Mataimakin likita

Mataimakin likita ma'aikacin lafiya ne da ke aiki a ƙarƙashin kulawar likita ko wani ma'aikacin lafiya mai lasisi, yana haɗa hidimar ɗakin duba marasa lafiya da aikin ofis. An fi sanin wannan sana'a a Amurka, inda akasarin masu yin ta ke aiki a ofisoshin likitoci da ƙananan asibitocin da ba a kwantar da majiyyata. Mataimakin likita ba ya yanke hukunci a kan irin ciwon da ke damun mutum, ba ya kuma rubuta magani. Aikinsa shi ne ya auna, ya rubuta, ya shirya, sannan ya aiwatar da abin da likita ya umarta.

Tarihi da horo

An kafa Ƙungiyar Mataimakan Likitoci ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da AAMA, a shekarar 1956. Ita ce ke ba da takardar shaidar ƙwarewa ta CMA, wadda ake sabuntawa duk bayan wata 60. Akwai kuma shaidar RMA da ƙungiyar AMT ke bayarwa, da ta CCMA daga ƙungiyar NHA. Horon yakan ɗauki kimanin shekara ɗaya ga mai neman satifiket, ko shekara biyu ga mai neman ƙaramar digiri, kuma yana haɗawa da koyon aiki a asibiti kafin a kammala. Dokokin aikin sun bambanta daga jiha zuwa jiha: jihohi da dama ba sa buƙatar lasisi, amma jihar Washinton ta wajabta samun takardar izini daga ma'aikatar lafiyarta.

Ilimin aikin jinya

Tushen karatun shi ne sanin sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, tare da kalmomin likitanci, waɗanda yawancinsu suka samo asali daga Girkanci da Latin. Wanda ya san cewa "hepat" na nufin hanta, "itis" kuma kumburi, zai gane ma'anar "hepatitis" ko da bai taɓa jin kalmar ba.

Abin da mataimakin likita ya fi yi a kullum shi ne auna alamomin lafiya guda huɗu. Ga baligi mai lafiya da ke zaune a natse, zafin jiki yana kusa da digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, zuciya na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, numfashi kuwa sau 12 zuwa 20. Awon jini da ke ƙasa da 120/80 shi ake ɗauka daidai. Awon jini yana da saurin ba da sakamakon da ba daidai ba. Idan ɗamarar da aka naɗa a dantse ta yi wa mutum kaɗan, adadin zai fito sama da yadda yake; haka ma idan hannun yana lilo ƙasa da saitin zuciya, ko mutumin ya harɗe ƙafafu, ko yana magana ana awon. Shi ya sa ake barin majiyyaci ya zauna ya huta kamar minti 5 tukuna. Ƙaramin kuskure a nan na iya sa a ɗora wa mai lafiya maganin hawan jini, ko a sallami mai ciwon ba tare da an gano shi ba, domin likita da abin da aka rubuta masa yake aiki.

A jihohin da doka ta yarda, mataimakin likita yana yin allura bisa umarnin likita. Allurar tsoka ana soka ta a tsaye, wato digiri 90. Ta ƙarƙashin fata a kan digiri 45 ko 90, gwargwadon kaurin naman wurin. Ta cikin fata kuma a kwance sosai, kamar yadda ake yi a gwajin tarin fuka. Kafin ba da kowane magani sai an tabbatar cewa mutumin ne, maganin ne, adadin daidai ne, hanyar bayarwa da lokacin ma daidai suke, sannan a rubuta nan take. Ana tantance majiyyaci da shaida biyu, galibi cikakken suna da ranar haihuwa, saboda ana yawan samun masu suna iri ɗaya.

Sauran ayyukan sun haɗa da ɗibar jini daga jijiya, inda ba a barin igiyar ɗaure hannu ta wuce minti ɗaya, da gwajin fitsari da na sukari, da ɗaukar awon zuciya na ECG, wanda ake liƙa wa mutum wayoyi 10 don a samu layuka 12.

Kare yaɗuwar cuta

Ƙa'idar ita ce a ɗauki jinin kowa da ruwan jikinsa a matsayin abin da zai iya ɗauke da cuta, irin su ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Ana wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20, ana sauya safar hannu tsakanin majiyyaci da majiyyaci. Allurar da aka yi amfani da ita ba a mayar mata da murfi da hannu biyu. Ana jefa ta kai tsaye cikin akwatin da ba ta iya hudawa. Kayan ƙarfe kuwa ana turara su a na'urar tururi mai zafin digiri 121. Hukumar OSHA ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin kare ma'aikata daga cututtukan da ake ɗauka ta jini a 1991.

Aikin ofis

Wannan ɓangare ya ƙunshi amsa waya, tsara lokutan ganin likita, adana bayanan majiyyata a kwamfuta, da cike takardun inshora. Da yake a Amurka inshorar lafiya ce ke biyan mafi yawan kuɗin magani, kowace cuta da kowane aiki suna da lambarsu. Lambobin ICD-10-CM, waɗanda ƙasar ta koma amfani da su ranar 1 ga Oktoba, 2015, su ke nuna cutar. Lambobin CPT na Ƙungiyar Likitocin Amurka su ke nuna aikin da aka yi. Idan lambobin biyu ba su dace da juna ba, kamfanin na iya ƙin biya, nauyin ya koma kan majiyyaci.

Amsa waya ma ba ƙaramin aiki ba ne. Mai kira da ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko numfashinsa na sarƙewa, ko bakinsa ya karkace, ba a ba shi lokaci a mako mai zuwa. Ana haɗa shi da likita ko masu agajin gaggawa ta lambar 911 nan da nan.

Sirri da iyakar aiki

Dokar HIPAA ta shekarar 1996 ta hana bayyana bayanan lafiyar mutum ga wanda ba shi da hurumi. Ko ɗan uwan majiyyaci ne ya kira yana neman sakamakon gwaji, ba a faɗa masa sai da yardar mai shi. Haka kuma idan majiyyaci ya tambayi ma'anar sakamakonsa, mataimaki zai iya isar da abin da likita ya ce a faɗa, amma ba zai yi nasa fashin baƙi ba.

Sunan a wasu ƙasashe

Sunan ba ya nufin abu ɗaya a ko'ina. A Ghana, waɗanda aka daɗe ana kira mataimakan likita, da dama daga cikinsu an horar da su ne a Kintampo, kuma suna duba marasa lafiya suna rubuta magani, musamman a karkara. Daga baya an sauya musu suna. A Najeriya kuwa, yawancin ayyukan da aka ambata a sama sun rarrabu ne tsakanin ma'aikatan jinya, jami'an kiwon lafiyar al'umma da ake kira CHEW, da ma'aikatan ɗakin kati.