Daga Gargaɗi Zuwa Farmaki: Tarihin Mabuɗin Finafinan Ban Tsoro

Hausa ta bambanta razana da fargaba. Razana abu ne na lokaci guda: ƙofa ta bugu, mutum ya zabura, jim kaɗan zuciya ta koma mazauninta. Fargaba kuwa zama take yi a zuciya, domin mai ita bai ga kome ba tukuna, amma ya sakankance cewa wani abu yana tafe. A kan wannan bambanci ne aka gina sana'ar shirya finafinan ban tsoro, kuma babu inda ya fi fitowa fili kamar a mintocin farko na fim, watau abin da za a kira mabuɗi a cikin wannan muƙala. Manufar muƙalar ita ce bin diddigin yadda mabuɗin ya yi ta sauya kama cikin kusan shekara ɗari a Jamus da Ingila da Amurka, tare da nuna cewa sauyin ya rataya ne a kan inda ake zaunar da idon ɗan kallo, da kuma yawan abin da ake bari ya sani.

A farkon al'amari mabuɗi katanga ce tsakanin ɗan kallo da abin tsoro. Das Cabinet des Dr. Caligari, wanda Robert Wiene ya shirya a Jamus a 1920, ya buɗe da wani saurayi zaune a lambu yana shirin ba wani dattijo labari, sai wata mace cikin fararen kaya ta gifta kamar mai tafiya cikin barci. Bayan haka ne aka shiga cikin karkatattun gidaje da inuwoyin da aka zana da fenti. Shi kuwa Nosferatu na F. W. Murnau, na 1922, da rubutu ya fara, kamar shafin tsohon kundi, yana ba da labarin mace-macen da suka auka wa garin Wisborg a 1838. A duka biyun akwai mai ba da labari, abin kuma ya riga ya wuce. Manazarcin adabin baka ba zai rasa gane wannan dabara ba, don kuwa aikin mabuɗin tatsuniya ke nan: ya shata iyaka, ya sanar da yara cewa Dodon da za a ambata yana can cikin labari, ba a bayan ɗaki ba. Sai dai Caligari ya ci amanar iyakar, tun da a ƙarshe an gano cewa mai ba da labarin majinyaci ne a asibitin mahaukata.

Da fim ya sami murya bayan 1927, katangar ta ƙara tsawo. A Frankenstein na James Whale, wanda kamfanin Universal ya fitar a 1931, ɗan wasa Edward Van Sloan ne ya fito daga bayan labule cikin kwat, ya fuskanci 'yan kallo, ya gargaɗe su da yawun mai kamfani Carl Laemmle cewa abin da za su gani yana iya girgiza su. Lalle akwai wayon talla a ciki, domin wanda aka ce kada ya leƙa rijiya shi ne kan fara leƙawa. Amma duk da haka gargaɗi ne, kuma ya nuna cewa ana ɗaukar ɗan kallo a matsayin baƙo wanda ake neman izninsa. Sai bayan gargaɗin aka nuna maƙabarta, ana binne gawa, mutum biyu suna laɓe suna jiran a watse su tone ta.

Akwai dalilai biyu da suka hana mabuɗin wancan zamani yin zafi. Na farko shi ne dokar tace finafinai ta Hollywood, wadda aka tsananta aiki da ita daga 1934, ta taƙaita nuna kisa da jini. Na biyu, wanda ba a cika kula da shi ba, al'adar shiga silima ce. A Amurka finafinai kan yi ta juyawa ne daga rana har dare, a haɗa biyu da labarun duniya a tsakani, mutum ya shiga lokacin da ya ga dama, ya zauna har inda ya tarar ya sake zagayowa. Mai shirya fim ba shi da tabbacin cewa za a ga mintocinsa na farko a farko. To, wa zai zuba dukan basirarsa a wurin da kujeru suke cika suna raguwa?

Shekarar 1960 ce ta warware wannan. Alfred Hitchcock ya gindaya wa gidajen silima sharaɗin kada a bar kowa ya shiga kallon Psycho bayan an fara, saboda fitacciyar 'yar wasan fim ɗin, Janet Leigh, za ta mutu kafin a kai rabi, wanda ya makara kuwa zai yi ta jiran ganin wadda ba ta nan. Mabuɗin kansa ya cancanci a tsaya a kansa. Tun ana rubuta sunaye, layukan da Saul Bass ya tsara suna tsaga haruffa gida biyu, kiɗan Bernard Herrmann kuma, wanda babu kome a cikinsa sai kayan tsirkiya dangin goge, yana gudu kamar ana korar mutum. Sannan sai birnin Phoenix da tsakar rana, aka rubuta Jumma'a, 11 ga Disamba, ƙarfe 2:43, tamkar rahoton 'yan sanda. Kyamara ta zaɓi taga ɗaya cikin ɗaruruwa, ta kutsa ta ƙarƙashin labule, ta sami mace da saurayinta a ɗakin otel. Babu maƙabarta, babu dare, babu dodo. Kiɗa ya riga ya yi alkawarin masifa, hoto kuma ya ƙi cika alkawarin, sai ɗan kallo ya zauna da fargabar da bai san inda zai ajiye ta ba. Bugu da ƙari an mayar da shi mai leƙen asiri, ya shiga ɗakin mutane ba sallama.

Hitchcock ya bayyana tushen wannan dabara a hirar da François Truffaut ya yi da shi a 1962, da misalin bam a ƙarƙashin tebur. In bam ya tashi ba wanda ya san da shi, an sami razana ta 'yan daƙiƙoƙi. In kuwa an nuna wa 'yan kallo bam ɗin da agogo, aka bar mutanen da ke tebur suna hirar banza, to kowace kalma tasu ta zama azaba. Fargaba ke nan tana tsirowa daga ratar da ke tsakanin sanin ɗan kallo da jahilcin wanda ake kallo.

A wannan shekara ta 1960 Michael Powell ya wuce nan a Ingila. Peeping Tom ya buɗe da kisan wata mace, an kuma nuna shi ta cikin idon kyamarar da makashin yake ɗauke da ita. Masu sharhi na Ingila sun yi masa ca, sunan Powell bai farfaɗo ba sai bayan shekaru masu yawa. Abin da aka ƙi yafe masa shi ne wurin da ya zaunar da ɗan kallo, wurin da kuma finafinan baya suka mayar gidansu.

A 1968 aka soke tsohuwar dokar tacewa a Amurka, aka musanya ta da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo. A shekarar ce George Romero ya fitar da Night of the Living Dead, inda wa da ƙanwa suka kai ziyara kabarin mahaifinsu da sauran hasken rana. Can nesa, tsakanin kaburbura, wani mutum yana tafe yana tangaɗi, ƙarami a cikin hoto, wan yana tsokanar ƙanwar da shi. Tazara ce makamin a nan: abin tsoron yana fili, ba a ɓoye shi ba, illa dai ba a ba shi girman da zai sa a ɗauke shi da muhimmanci ba sai da ya iso.

The Exorcist na William Friedkin, na 1973, ya bi wata hanya dabam. Ya shafe kimanin minti goma a arewacin Iraƙi, a kangon birnin Hatra, inda wani tsohon fada yake haƙar kayan tarihi. Kusan ba a magana. Akwai sarar diga, da bugun maƙera, da agogon bango da ya tsaya haka kawai, da karnuka suna faɗa, har tsohon ya tsaya fuska da fuska da gunkin Pazuzu, aljanin mutanen Babila da Assuriya. Ƙwarewar sarrafa sauti a nan ba ta da musu. Amma ya kamata a faɗi cewa cikin sautukan farko da aka ji a fim ɗin akwai kiran salla, an kuwa sa shi ne don ya zame wa ɗan kallon Amurka baƙon abu mai tayar da tsikar jiki. Ga wanda kiran salla yake tashe shi kowace asuba, sautin natsuwa yake kawowa, dabarar kuma ta tashi a banza, in ma ba ta ɓata rai ba. Wannan ya nuna cewa mabuɗi yakan jingina ne da abin da aka ɗauka ɗan kallo ya sani ko bai sani ba, ba kuma kowane ɗan kallo aka yi lissafi da shi ba.

Finafinai biyu ne suka kammala abin da Powell ya fara. Jaws na Steven Spielberg, na 1975, ya fara da kyamara tana ratsa ciyayin ƙarƙashin teku, da sauti biyu masu kauri na John Williams suna maimaituwa suna ƙara sauri. Kafin a ga mutum ko ɗaya an koya wa kunne cewa wannan kiɗa shi ne kifin. Saboda haka da aka hango ƙafafun yarinya mai iyo daga ƙasa, kiɗan ya dawo, ɗan kallo ya san abin da ita ba ta sani ba. Ba a nuna kifin ba ko kaɗan. Igiyoyi aka ɗaura wa 'yar wasan, ma'aikata suna fizgar ta hagu da dama. Ta rungumi ƙarfen alamar jiragen ruwa, ƙararrawarsa ta kaɗa, aka ja ta ƙasa, teku ya kwanta, saurayin da ya biyo ta yana kwance a kan yashi cikin maye. Shirun da ya biyo baya ya fi ihun nauyi.

Na biyun shi ne Halloween na John Carpenter, na 1978, kuma a nan na'ura ta yi tasiri. Garrett Brown ya ƙirƙiro Steadicam, wata riga mai hannun ƙarfe da mai ɗaukar hoto yake ɗaurawa ya yi tafiya hoton bai girgiza ba, aka fara amfani da ita a finafinan 1976. Carpenter ya yi aiki da takwararta mai suna Panaglide. Na tsawon kusan minti huɗu, ba tare da yankan da ido zai kama ba, kyamara ta tunkari wani gida da dare, ta leƙa taga, ta zagaya baya, ta shiga ɗakin girki, hannu ya zaro wuƙa, aka hau bene, aka ɗauki fuskar roba aka sa, hoton ya tsuke ya zama ramukan ido biyu. Yanka a fim numfashi ne. Kowane sauyin hoto yana ba ido damar kau da kai. Da aka hana shi, sai aka ɗaure ɗan kallo a jikin makashi, yana jin shessheƙarsa, ba ya iya tsayar da hannun. Sai a ƙofar gida, bayan an gama, aka cire fuskar, kyamara ta juyo karo na farko, aka ga yaro ɗan shekara shida da wuƙa a hannu. Ɗan kallo ya san kome game da aikin, bai san mai aikin ba, wannan kuwa juya misalin Hitchcock ne ciki waje. Masu kwaikwayo sun yi yawa a shekarun 1980, galibinsu kuma wuƙar suka ɗauka suka bar haƙurin.

Zuwa 1996 'yan kallo sun haddace dokokin, sai Wes Craven ya mayar da haddar tasu tarko a Scream. Drew Barrymore ce sunan da ya fi fice a tallar fim ɗin, don haka kowa ya ɗauka za ta kai ƙarshe, aka kuwa kashe ta cikin minti goma sha uku na farko. Abin da Hitchcock ya jinkirta har kusan rabin fim ya dawo bakin ƙofa. Waya ce kaɗai makamin a yawancin fitowar, murya tana tashi daga zolaya zuwa barazana, tana yi wa yarinyar tambayoyi a kan finafinan ban tsoro. A kan murhu kuma an bar gugguru yana kumbura har ya kama hayaƙi, shi ne agogon da ke ƙarƙashin tebur.

Get Out na Jordan Peele, na 2017, ya koma irin unguwar da Carpenter ya nuna, mai bishiyoyi da tsabtatattun tituna, ya sauya wanda ke tafiya a cikinta. Wani saurayi baƙar fata ne ya ɓata hanya da dare, yana magana a waya yana ƙoƙarin mayar da abin wasa. Bam ɗin da ke ƙarƙashin tebur ba a cikin fim aka dasa shi ba, 'yan kallon Amurka ne suka shigo da shi, domin ba su manta da Trayvon Martin ba, yaron da aka harbe a 2012 yana tafiya a wata unguwa a Florida. Farar mota ta wuce saurayin, ta juyo, ta riƙa bin sa a hankali, wata tsohuwar waƙar Ingila mai daɗin amo tana tashi daga ciki. Kyamara tana manne da shi ba yanka, abin da ya gani shi kaɗai ake gani. Ya yanke shawarar komawa inda ya fito. Da ya waiwaya motar tana tsaye, ƙofar direba a buɗe, ba kowa a ciki.