Yadda gogayya da zurarewar zafi ke cinye makamashi a gida

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta da hukumar NERC ta yi wa 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024 zuwa Naira 225 kan kowane yunit, magidanta suka koma lissafin abin da suke ƙonawa. Sai dai wani kaso na wutar da ake biya da man da ake saye ba ya yin aikin da aka nufa da shi, yana salwanta ne ta hanyar gogayya da zurarewar zafi.

A shekarun 1840 masanin kimiyya ɗan Ingila, James Joule, ya tabbatar da cewa motsi yana rikiɗewa ya zama zafi. Makamashi ba ya ɓacewa, kama yake sauyawa. Saboda haka duk na'urar da ta ɗauki zafi fiye da kima a inda ba a buƙatarsa, kuɗin mai gida ne ke tsiyaya.

Gogayya

Gogayya na faruwa a duk inda ƙarfe ke juyawa a jikin ƙarfe: fanka, injin tura ruwa, injin markaɗe da janareta. Idan ƙurar hunturu ta shiga boris, ko giris ya bushe, injin yakan ja wuta amma aikinsa ya ragu. Alamominsa su ne ƙara, nauyin juyawa da zafin jiki. Maganinsa goge ƙura, sanya giris da sauya boris ɗin da ya ci. Janareta kuwa a riƙa sauya masa baƙin mai kan lokacin da kamfanin da ya ƙera shi ya ƙayyade.

Zurarewar zafi

A kicin, tukunya marar murfi tana sakin zafinta tare da tururi, harshen wutar da ya zarce gindin tukunya kuma iska yake dafawa. Da zarar ruwa ya tafasa, zafinsa ba ya wuce kimanin digiri 100, don haka ƙara wuta bayan tafasa asarar gas ce. Murhun duwatsu uku yana watsar da mafi yawan zafin icce, shi ya sa rufaffen murhu ya fi shi tattali.

Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa zafi. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da ya kai na mai wat 60.

Firiji kuwa, zafin waje ne ke kutsa masa. A maƙale takarda a ƙofarsa a rufe. Idan ta zare cikin sauƙi, robar ta saki. A bar tazara tsakaninsa da bango, kada kuma a saka abinci da zafinsa. Haka ɗakin da ke da rufin kwano ba silin yake wahalar da na'urar sanyaya ɗaki.

Hattara

Tattalin zafi yana da iyaka. Rufe ƙofa da taga a kan kaskon garwashi lokacin sanyi, ko kunna janareta a cikin gida, yana tara iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci. Garwashi da janareta wurinsu inda iska ke kaɗawa.