Bindigar Farauta Mai Ɗana Kanta: Yadda Manoman Ƙasashen Waje Ke Zaɓenta Da Abin Da Dokar Najeriya Ta Ce

A zagayen da muke yi wa ƙungiyoyi, sau da dama matasa kan nuna mana bidiyon manoman Amurka suna harbin aladun daji, su ce malam, mu ma ba za mu samu irin wannan mu huta da birai da gyado ba? To, ga bayanin bindigar, yadda masu ita ke zaɓenta, da kuma matsayinta a wurinmu.

Wace iri ce?

Bindiga mai ɗana kanta ita ce wadda idan aka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ke fita, sai ƙarfin harbin ya jefar da kwanson ya ɗora wani. Ta bambanta da mai ɓarin wuta ta soja, wadda ke ci gaba da aman harsasai muddin yatsa na kan kunama. Ta kuma bambanta da wadda sai an ɗana da hannu bayan kowane harbi.

Me ya sa manoman Amurka ke amfani da ita?

Babban dalili shi ne aladun daji. Ma'aikatar gona ta Amurka ta ƙiyasta sun haura miliyan 6, kuma ɓarnarsu da kuɗin yaƙarsu na cin sama da dala biliyan 1.5 a shekara. Jihar Texas ce ta fi yawansu. Garke ɗaya na iya tone gonar masara ko gyaɗa a dare guda, ga shi uwar kan haihu har sau biyu a shekara. Da an yi harbin farko garken ke watsewa, shi ya sa suke son wadda ke ba da damar harbi na biyu nan take.

Amma ka lura da wannan: masana na cewa sai an kawar da kusan kashi 70 cikin 100 duk shekara kafin yawansu ya tsaya wuri ɗaya, kuma harbi kaɗai bai kai wa nan. Shi ya sa malaman gona na can suka fi ba da shawarar babban tarko mai kama da garka, wanda ke rufe garken gaba ɗaya.

Yadda suke zaɓe

Dabbar da ke ɓarna ce ke nuna girman harsashi, harsashin kuma shi ke nuna bindigar.

Don zomo, kurege da ɓera, ƙaramin harsashi .22 ya wadatar. Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964 mai cin harsashi 10, ita ce sananniya a wannan aji. Ba ta da nauyi, ba ta dukan kafaɗa, harsashinta kuma da araha.

Don karnukan daji masu cin 'yan raguna da 'yan maruƙa, sukan ɗauki .223 Remington, irin wanda samfurin AR-15 ke ci.

Don manyan aladu da barewa, da yawa sun fi son .308 Winchester. Ƙaramin harsashi kan babbar dabba rauni kawai zai yi mata, ta tafi ta mutu a wahale ko ta juyo kan mai harbin.

Bayan wannan suna duba nauyi, tunda da ƙafa za a zagaya gona, da dacewar gindin bindigar da kafaɗar mai ita, da sauƙin samun harsashi da kayan gyara a kusa. Dokar tarayyar Amurka ta ce mai saye daga dillali mai lasisi sai ya kai shekara 18, kuma sai an binciki tarihinsa.

Kayan da ake haɗa mata

Madubin hange. Mai ƙara girma daga ninki 3 zuwa 9 shi aka fi yi wa aikin gona. Ana daidaita saitinsa a filin gwaji, yawanci kan yadi 50 ga .22, yadi 100 ga manyan harsasai.

Maratayi, don hannu ya samu sakewa wajen tafiya.

Abin toshe kunne da gilashin kare ido. Ƙarar babbar bindiga na wuce desibel 140, harbi ɗaya ma na iya lalata ji.

Kayan gogewa da mai. Mai ɗana kanta ta fi saurin cijewa idan datti ya taru.

Akwatin ƙarfe mai makulli, harsasai kuma a ajiye daban inda yara ba za su kai ba.

Ƙa'idar da kowane mai koyarwa ke nanatawa ita ce ka san abin da ke bayan abin da ka saita. Ko ɗan ƙaramin .22 na iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi. Ka kwatanta wannan da gonakinmu, inda maƙwabci ke noma a gefe, makiyayi na wucewa, yara na tsaron tsuntsu cikin dawar da ta fi mutum tsawo.

Ba ko'ina aka sake ta ba

Birtaniya ta haramta manyan masu ɗana kansu a 1988, ta bar .22 kawai da lasisi. Ostireliya ta tsaurara dokarta a 1996: manomi na iya samun ƙarama wadda ba ta wuce cin harsashi 10 ba idan ya nuna buƙatar aikinsa, manyan kuma an keɓe su galibi ga ƙwararrun masu kawar da dabbobin ɓarna.

Dokar Najeriya

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku.

Na ɗaya, haramtattu: masu ɓarin wuta, fistol, da bindigogin soja masu harsashi irin su milimita 7.62 da .303. Shugaban ƙasa kaɗai ke ba da izininsu. Ka ga .308 da muka ambata, faɗinsa milimita 7.62 ne.

Na biyu, na amfanin kai: bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, doguwar farauta da harsashinta ba na soja ba, da bindigar iska. Lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Dokar ta cire mai watsa ƙananan harsasai idan mai ɗana kanta ce daga wannan rukuni.

Na uku, bindigar toka ta gargajiya, wadda ita ma Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da ikon wajabta mata lasisi.

Riƙe haramtacciya ba izini ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba, ta rukuni na biyu kuma har shekara 5. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Don haka duk wanda ya ce kawo kuɗi ya samo maka bindiga da takarda, ka kiyaye shi. Hedikwatar 'yan sanda ta jiharka ce wurin tambaya.

To mene ne abin yi?

Ƙungiya ta tsara gadi na karɓa-karɓa daga lokacin da amfani ya fara ido har girbi, musamman da asuba da yamma da birai ke shigowa. A yi shuka lokaci ɗaya, don kada gonar mutum ɗaya ta nuna ita kaɗai ɓarna ta taru a kanta. A share ciyawar gefen gona, a kafa tarkon gafiya da kurege, a gyara shinge. Idan jan-baki ne, a sanar da ofishin gona da wuri, bindiga ba ta maganinsa. Idan giwa ce ko dorina, kamar yadda ake samu a kewayen Yankari da Dadin Kowa, a kai rahoto ga jami'an gandun daji, kada a taɓa su. Inda ɓarnar gyado ta yi yawa, a je wa mai gari da Sarkin Baka, a nemi maharbi mai izini wanda ya san dajin.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana amfaninmu.