Ɗakin Ɗaukar Hoto a Matsayin Mahaifa: Nazari a kan Hotunan Samuel Fosso

Tsakure

Maƙalar ta dubi hotunan da Samuel Fosso ya ɗauki kansa daga 1975 zuwa 2008. Ta nuna cewa ɗakin ɗaukar hoto shi ne wurin da Fosso ya mayar mahaifarsa, kuma a cikinsa ya gina tarihin da yaƙi da ƙaura suka raba shi da shi.

Gabatarwa

An haifi Fosso a Kumba ta ƙasar Kamaru a 1962, ya tashi a Afikpo cikin ƙasar Ibo. Yana ƙarami ya yi fama da ciwon shanyewar jiki, kakansa mai maganin gargajiya ne ya yi jinyarsa. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya tarwatsa garinsu. A 1972 kawunsa ya tafi da shi Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a can kuma ya buɗe shagon hotonsa a 1975 yana ɗan shekara 13. Yaron da ya zauna ƙasa uku kafin ya balaga, ina zai kira gida? Amsar wannan tambaya muka bi cikin jerin hotunansa guda uku.

Hoto a matsayin wasiƙa

Da rana Fosso na ɗaukar masu zuwa neman hoton fasfo da na biki. Da dare, idan ya rage 'yan gurabe a fim, sai ya juya kyamara ya ɗauki kansa don kada a wanke fim da saura. Wasu daga cikin hotunan yana aika wa kakarsa a Nijeriya, domin ta ga yana raye kuma lafiya lau.

Masu nazari sun fi mayar da hankali ga kayan da ya saka: wando mai faɗin ƙafa, takalma masu tudu, baƙin gilashi, da kwaikwayon mawaƙin nan Prince Nico Mbarga, wanda shi ma jininsa ya haɗa Kamaru da Nijeriya. A ganinmu, wadda ake aika wa hoton ta fi tufafin muhimmanci. Tsohuwar da ta san yaron nan ba ya iya tafiya, ta kuma gudu da shi cikin yaƙi, ita ce ke karɓar hoton saurayi tsaye a kan ƙafafunsa cikin kayan yayi. Kowane hoto shaida ne cewa jikin ya warke. Abin lura kuma, titunan Bangui ba sa fitowa a waɗannan hotuna. Labule ne, da tabarmar ƙasa, da fitilun shago. Fosso bai nuna wa kakarsa garin da yake zaune ba, ya nuna mata ɗakin da yake da iko da kowane lungu nasa, a zamanin da Bokassa ke mulkin ƙasar da ƙarfi.

Daga kaka zuwa kakanni

An fara nuna aikinsa ga duniya a baje kolin hotunan Afirka na farko da aka yi a Bamako a 1994. Daga nan da'irar waɗanda yake tunawa ta faɗaɗa. A jerin Le rêve de mon grand-père (Mafarkin kakana) na 2003 ya shiga shigar kakansa, ya cika a hoto burin da tsohon ya yi na ya gaje shi. A African Spirits na 2008 ya sake ɗaukar sanannun hotunan Patrice Lumumba da Nelson Mandela da Angela Davis da Muhammad Ali da wasunsu, da fuskarsa a madadin tasu.

Ana iya cewa wannan wasan kwaikwayo ne kawai, ba tarihi ba. Ba mu yarda ba. Wanda ya rasa kundin hotunan iyalinsa ba shi da abin da zai buɗe ya duba, dole ya ƙera. Fosso ya ƙera da abu ɗaya da ya tsira da shi daga Afikpo, wato jikinsa, ya kuma zaɓi danginsa daga Kongo da Afirka ta Kudu da Amurka ba tare da ya nemi izinin iyakar ƙasa ba.

Abin da ya faru a 2014

A farkon 2014, lokacin rikicin Bangui, aka wawashe gidan Fosso da ke birnin, shi kuma yana Faris. Ɗan jarida mai ɗaukar hoto Jerome Delay da abokan aikinsa ne suka tsince dubban fina-finan kyamarar Fosso a warwatse a ƙasa, suka kuɓutar da su. Yawancinsu ba hotunan fuskar Fosso ba ne, na mutanen Bangui ne da suka zo shagonsa shekaru da dama. Nazarin da ake yi har yanzu ya karkata ga fuskarsa shi kaɗai. Muna kira ga masu bincike su juya ga waɗannan fina-finai, domin a cikinsu ne birnin da ya ɓoye wa kakarsa yake.